Sadaukan Hollywood da Halin da Amurka Take Ciki: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinan Amurka ya san cewa Superman na 1978 da Superman na 2013 tambari ɗaya ne a ƙirjinsu, amma halinsu ya sha bamban. Na farko fuskarsa a sake take, yana sauko wa wata yarinya da kyanwarta daga kan bishiya, yana kuma faɗa wa 'yar jarida cewa shi ba ya ƙarya. Na biyu a murtuke yake tun daga farko har ƙarshe, faɗansa ya rushe tsakiyar birni, ya kuma karya wuyan abokin gabarsa da hannunsa. Shekara 35 ce tsakaninsu, kuma abin da Amurka ta gani a cikin waɗannan shekaru shi ne ya sauya masa fuska. A wannan shafi kalmar "sadauki" tana nufin irin waɗannan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, ko masu kayan yaƙi na ban mamaki, waɗanda aka fara zanawa a mujallun labarai masu hotuna kafin a mayar da su fim.

Me ake nufi da cewa waɗannan finafinai suna nuna halin da ƙasa take ciki?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sadauki ba ya tsufa, ba ya mutuwa mutuwar dindindin, kuma kamfani ne ya mallake shi, saboda haka kowane zamani sai an sake ɗauko shi an ba da labarinsa ga sababbin 'yan kallo. Tun da suna da riga ba sa sauyawa sosai, duk abin da aka taɓa a labarin nan da nan yake fitowa fili, kuma mai lura zai iya tambayar dalilin taɓa shi.

Abu biyu ne suka fi saurin sauyawa. Na farko shi ne mugun, wanda 'yan kallo a wajenmu suke kira bos, domin a jikinsa ake rataya abin da jama'a suke tsoro a lokacin: azzalumin attajiri, ko sojan Hitila, ko ɗan kwaminisanci, ko ɗan ta'adda, ko mai kamfanin fasaha. Na biyu, wanda a ganina ya fi na farko tona asiri, shi ne tsakanin sadauki da hukuma. Akwai lokacin da yake sara wa gwamnati kamar kurtun soja, akwai lokacin da yake yi mata aikin da take kunyar yi da rana, akwai kuma lokacin da ita ce take farautarsa.

Daga ina waɗannan sadaukai suka fito tun asali?

Superman ya fara bayyana a 1938 a fitowar farko ta mujallar Action Comics. Wasu samari biyu daga birnin Cleveland ne suka ƙirƙire shi, Jerry Siegel da Joe Shuster, dukansu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani. Sun sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130 kacal, kamfani ya kwashe miliyoyi, abin nan na kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Ƙasar tana cikin babbar karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, wadda a 1933 ta bar kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Wannan ne ya sa Superman na farko bai da ruwa da halittun wata duniya. Ya ceci matar da aka yanke wa hukuncin kisa bisa kuskure, ya jibgi mai dukan matarsa, ya bi sawun masu sayen 'yan majalisa a Washington, ya kuma shigar da wani mai kamfanin haƙar ma'adinai cikin raminsa domin ya ɗanɗana abin da leburorinsa suke sha. A wata fitowar ma ya rushe unguwar marasa galihu da gangan don ya tilasta wa gwamnati gina musu gidaje masu kyau. Yaron da ya sayi mujallar a kan santi 10, wanda ƙila mahaifinsa yana zaune a gida babu aiki, bai buƙaci a fassara masa komai ba. Batman ya biyo baya a 1939, Wonder Woman kuma a 1941.

Yaya Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya su?

Ya mayar da su sojojin gwamnati. Fitowar farko ta Captain America, aikin Joe Simon da Jack Kirby, ta shiga kasuwa a Disambar 1940 da hoton jarumin yana kai wa Hitila naushi a muƙamuƙi, shekara guda kafin Japan ta kai hari Pearl Harbor, a lokacin da Amurkawa da dama suke cewa yaƙin Turai bai shafe su ba. A nan mujallar ta riga gwamnati ɗaukar matsayi.

Sai dai madubi ba ya zaɓen abin da zai nuna. A 1943 an yi wa Batman fim mai dogon zango, kashi 15, inda yake aiki a matsayin wakilin gwamnati, bos ɗin kuma wani Bajapane ne mai suna Dokta Daka. Muryar mai ba da labari a fim ɗin ta fito ƙarara tana yaba wa gwamnati saboda kwashe 'yan asalin Japan daga unguwarsu. Wannan kwashewa gaskiya ce ta faru: an tsare kimanin mutum 120,000 a sansanoni, akasarinsu 'yan ƙasa haihuwar Amurka, kuma sai a 1988 gwamnati ta nemi afuwa ta biya diyya. Wanda yake son sanin irin ƙiyayyar da ta zama ruwan dare a wancan lokaci, har ana ganin ta dace da kunnen yara, ya nemi wannan fim ya kalla.

Me ya sa sadaukan shekarun 1960 kusan duk hatsarin kimiyya ne ya haife su?

Saboda bam ɗin nukiliya da tseren zuwa sararin samaniya su ne suka cika zukata. Fantastic Four, a 1961, sun sami baiwarsu ne garin gaggawar riga 'yan kwaminisanci zuwa sama, a shekarar da Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya. Hulk, a 1962, gwajin bam ne ya ritsa da shi, Spider-Man kuma gizo-gizon da tururin nukiliya ya taɓa ne ya cije shi, duk a shekarar da rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kusa jefa duniya cikin yaƙi.

Abin sha'awa shi ne yadda aka gyara waɗannan asali da aka zo yin fim. A fim ɗin 2002 gizo-gizon da ya ciji Peter Parker, wato Spider-Man, an sarrafa ƙwayoyin halittarsa ne a ɗakin bincike, shekara biyu bayan sanar da daftarin taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam. Tony Stark, wanda a mujallar 1963 aka kama shi a Biyetnam, a fim ɗin Iron Man na 2008 a Afganistan aka kama shi, kuma makamin da ya raunata shi tambarin kamfaninsa ne a jiki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Superman na 1978 cike yake da fara'a, alhali ƙasar tana cikin ɓacin rai. Wannan bai rushe batun madubi ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce take nuna cewa madubin iri biyu ne. Shugaba Richard Nixon ya yi murabus a Agustan 1974 saboda abin kunyar Watergate na leƙen asirin 'yan adawa, Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu da Amurka take mara wa baya, ta faɗi a Afrilun 1975, farashin mai da na kaya sun hau, yarda da shugabanni ta zube. A mujallu an nuna wannan kai tsaye, domin a 1974 Captain America ya gano cewa shugaban wata ƙungiyar makirci babban jami'in gwamnati ne, ya cire rigarsa mai tuta ya koma kiran kansa Nomad, wato marar ƙasa.

Fim ɗin da Richard Donner ya ba da umarni, wanda Christopher Reeve ya fito a ciki, ya bi wata hanyar. Da Superman ya faɗa wa 'yar jarida Lois Lane cewa ya zo ne don kare gaskiya da adalci da tafarkin Amurka, sai ta yi masa dariya, ta ce ai kuwa zai ƙare da faɗa da duk wani zaɓaɓɓen ɗan siyasa a ƙasar. Lois ita ce Amurkar 1978, Superman kuma shi ne abin da take ƙishirwa, wato babban mutum wanda ba ya ƙarya. Ashe fim yana iya nuna abin da jama'a suke tsoro, yana kuma iya nuna abin da suka rasa, kuma sau da yawa fim ɗaya yana ɗauke da duka biyun.

Wane tasiri harin 11 ga Satumban 2001 ya yi?

Babu abin da ya taɓa wannan nau'in fim kamarsa, kuma ba abin mamaki ba ne cewa zamanin da finafinan sadaukai suka mamaye sinima ya fara ne daf da shi. Kafin harin an riga an saki tallan fim ɗin Spider-Man inda aka nuna jirgi mai saukar ungulu na 'yan fashi ya maƙale a saƙar gizo tsakanin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Da benayen suka faɗi, aka rasa rayuka kusan 3,000, sai aka janye tallan. Fim ɗin ya fito a Mayun 2002, ya zama na farko a tarihi da ya haura dala miliyan 100 a ƙarshen makonsa na farko. A cikinsa akwai inda mutanen New York suka taru a kan gada suna jifan bos da duk abin da hannunsu ya kai, suna ce masa wanda ya taɓa ɗayansu ya taɓa su duka, kuma an rufe fim ɗin da jarumin a jikin sandar wata ƙatuwar tutar Amurka. Wata takwas ke nan bayan harin.

Daga nan hoton ranar ya ƙi barin allo. A The Avengers na 2012 mahara sun sauko wa Manhattan daga sama, mutane suna gudu toka ta rufe su, sai dai a wannan karon akwai masu tarewa. A Man of Steel, wato Superman na 2013, benaye sun yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya har 'yan kallo suka yi ƙorafi, wanda ya sa fim ɗin da ya biyo baya a 2016 ya buɗe da Bruce Wayne, wato Batman, yana kutsawa cikin gajimaren ƙura yayin da kowa yake gudu. Kamar mai mafarki ɗaya kullum dare, Hollywood ta yi shekara goma sha tana maimaita safiyar nan, wani lokaci tana gyara ƙarshenta, wani lokaci tana ƙara mata muni.

The Dark Knight goyon bayan yaƙi da ta'addanci yake yi, ko sukarsa?

Har yau ba a daina gardama a kan wannan ba. Fim ɗin Christopher Nolan ya fito a 2008, shekarar ƙarshe ta mulkin George W. Bush, kuma kusan duk abin da ake zargin gwamnatin da shi Batman ya aikata. Ya je Hong Kong ya sato mutum ba da izinin kowace kotu ba. Ya kulle ƙofa ya daki Joker, bos ɗin fim ɗin, a ɗakin tambayoyi. Joker kuwa yana aika bidiyon wanda ya yi garkuwa da shi ga gidan talabijin, yana tayar da asibiti da bam, ba ya neman kuɗi, har ya cinna wa tulin kuɗi wuta.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne inda Batman ya shigar da Lucius Fox, mai haɗa masa kayan aiki, wani ɗaki mai bango cike da ƙananan allo, ya nuna masa cewa ya mayar da kowace wayar salula a birnin kunne da ido. Fox, dattijo mai natsuwa, ya dubi bangon ya ce wannan ba daidai ba ne, iko ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, zai taimaka sau ɗaya amma muddin na'urar tana nan shi ya bar aiki. Batman ya ce masa idan ya gama ya rubuta sunansa a ciki. An kama Joker da taimakon na'urar, Fox ya rubuta sunansa, na'urar ta ƙone kanta. Masu kallo a lokacin sun san dokar Patriot ta Oktoban 2001, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na sa wa mutane ido, sun kuma san rahoton da jaridar New York Times ta buga a Disambar 2005 cewa gwamnati tana sauraren wayoyi ba da takardar kotu ba.

Wani marubuci, Andrew Klavan, ya rubuta a jaridar Wall Street Journal cewa fim ɗin yabo ne ga Bush. Wasu suka ce a'a, ai dukan da aka yi wa Joker bai haifar da komai ba sai bayanin da ya karkatar da Batman, kuma zaman lafiyar da aka samu a ƙarshe a kan ƙarya aka gina shi. A ganina fim ɗin ya ba kowane ɓangare abin riƙewa, kuma hakan shi ne ainihin halin ƙasar a 2008: tana jin cewa an ƙetare iyaka, tana kuma so a ce mata ƙetarewar ta yi amfani. Inda ya yi wa kansa sauƙi shi ne na'urar da ta ƙone, domin ba a saba ganin hukuma ta ƙone irin wannan na'ura da hannunta ba.

Yaushe gwamnati da kanta ta zama bos?

A fili, a 2014, cikin Captain America: The Winter Soldier. Hukumar tsaron da jarumin yake yi wa aiki ta ƙera manyan jirage uku da za su zauna a sama, suna amfani da bayanan mutane na intanet da na banki don hasashen wanda zai zama barazana a gaba, su kashe shi tun bai yi komai ba. Daga baya ta bayyana cewa magadan 'yan Nazi sun daɗe da yin gida a cikin hukumar. Daraktocin, 'yan uwa biyu Anthony da Joe Russo, sun ce batun jirage marasa matuƙa da jerin sunayen waɗanda za a kashe na zamanin Barack Obama suna cikin abin da suka duba. Sun kuma ɗauko Robert Redford, wanda ya fito a matsayin ɗan jaridar da ya bankaɗo Watergate a wani fim na 1976, suka ba shi matsayin babban maci amana.

A 2016 sai aka kai batun mataki na gaba a Civil War, inda ƙasashe 117 suka nemi a sa sadaukai ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mai sanye da tutar Amurka shi ne ya ƙi sa hannu. Abin da ya jawo wannan buƙata a labarin wani aiki ne da suka je yi a Legas, bam ya tashi a jikin bene, mutane suka mutu. A birnin Atlanta aka ɗauki wannan Legas ɗin, kuma mamatan da labarin ya damu ya ƙidaya su ne 'yan Wakanda 11, mutanen ƙasar da ba ta wanzu ba. 'Yan Legas ɗin da ke cikin benen sun zama dalilin gardamar Amurkawa a tsakaninsu kawai.

Da gangan masu shirya fim suke yi, ko dacewa ce?

Duka biyun, kuma ya kamata a yi hattara. Babban fim yana cin shekara biyu zuwa uku daga rubutu zuwa sinima, saboda haka ba zai iya zama martani ga labarin makon jiya ba. An fara ɗaukar The Winter Soldier a Afrilun 2013, Edward Snowden kuma ya fallasa asirin hukumar leƙen asiri ta NSA a watan Yuni, ana tsakiyar aiki. The Dark Knight Rises, inda aka kai hari kasuwar hannun jari aka kuma fito da attajirai daga gidajensu, mutane sun ɗauka raddi ne ga zanga-zangar mamaye Wall Street, alhali an fara ɗaukarsa a Mayun 2011, zanga-zangar kuwa sai a Satumba. Abin da ya faru shi ne marubutan da masu zanga-zangar rijiya ɗaya suka sha, wato fushin da ya biyo bayan karyewar bankuna a 2008.

Akwai kuma hannun da ba na dacewa ba. Rundunar sojan Amurka tana ba masu fim aron jirage da sansani idan ta duba rubutun labarin ta gamsu. An ɗauki wani sashe na Iron Man a sansanin sojan sama na Edwards, kuma lokacin fitowar Captain Marvel a 2019 rundunar sojan sama ta saki tallan ɗaukar mata matuƙa jirgi a gidajen sinima. Ma'aikatar tsaro ta janye daga The Avengers saboda ba ta gane wanda hukumar sadaukan take yi wa biyayya ba.

Black Panther da Wonder Woman fa, me suka nuna?

Sun nuna cewa tambayar ta koma kan wanda ya cancanci sa rigar. Wonder Woman, wanda mace, Patty Jenkins, ta ba da umarni, ya fito a Yunin 2017, tsakanin gangamin mata na Janairu da guguwar fallasa cin zarafin mata ta Oktoba, ya kuma tara sama da dala miliyan 800.

Black Panther ya fi zurfi. An ƙirƙiri jarumin a 1966, watanni kaɗan kafin a kafa ƙungiyar baƙar fata mai irin sunan a Oakland, kuma darakta Ryan Coogler, ɗan Oakland, a can ya buɗe fim ɗinsa na 2018. Ya zo ne bayan shekaru na zanga-zangar kisan baƙar fata a hannun 'yan sanda da ƙorafin cewa ana ware su a lambobin Oscar. Ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci Oscar uku, ya zama fim ɗin sadaukai na farko da aka sa a takarar gwarzon fim na shekara. Bos ɗinsa, Killmonger, shi ne wanda mutane da yawa suka fita suna cewa yana da gaskiya, musamman inda ya tsaya a gidan tarihi a Landan yana tambayar ma'aikaciyar yadda kakanninta suka sami kayan Afirka, ko saya suka yi ko ƙwacewa. Wanda ya san abin da sojan Ingila suka kwashe daga Benin a 1897 ya san amsar. Duk da haka fim ɗin ya kashe shi, ya kuma sa jami'in CIA a cikin abokan kirki, abin da zai ba wanda ya san tarihin Patrice Lumumba, firaministan Kwango da CIA ta ƙulla makircin kashewa, dariya.

Mai kallo daga arewacin Najeriya yana da wurin da zai gyara zama. Kusa da farkon fim ɗin rubutu ya fito a allo cewa dajin Sambisa ne, ga ayarin motoci ɗauke da mata masu lulluɓi, shekara huɗu bayan sace 'yan matan Chibok 276. Jarumin ya diro daga sama, cikin 'yan mintuna ya gama da 'yan bindigar, Nakia, 'yar leƙen asirin ƙasarsa Wakanda da ya zo ɗauka, ta hana shi kashe wani yaro a cikinsu, ta ce shi ma sato shi aka yi. Wannan magana ta yaron an yi ta da sani. Amma kuma kalmar da ta fito daga bakin ɗan bindiga mai barazanar harbi ita ce "wallahi", kuma Musulmi da dama sun lura cewa wannan ne kusan duk rabon da addininsu ya samu a fim ɗin da aka ce na ɗaukaka Afirka ne. Afirkar da ke cikinsa mafarkin baƙar fatar Amurka ce, mai kyau ƙwarai, amma ciwon da yake jinya nasu ne.

Tun da yawancin kuɗin daga waje yake zuwa, halin wace ƙasa ake nunawa?

Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a 2019, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 daga wajen Amurka ne, Sin kaɗai ta ba da sama da miliyan 600. Mai irin wannan ciniki dole ya san bakin da zai yi magana da shi. A 2011 an cire sunan Captain America daga taken fim ɗinsa a Rasha da Yukren da Koriya ta Kudu. A 2013 an ƙara wa Iron Man 3 kimanin minti huɗu da taurarin Sin don kasuwar can kawai. A 2016 malamin Doctor Strange, wanda a mujallu ɗan Tibet ne, an mayar da shi Baturiya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bos ya yawaita zama halittar wata duniya, tun da ita ba ta da jakadan da zai kai ƙara. Duk da wannan lallashi, Sin ta rufe wa finafinan Marvel, kamfanin da ya mallaki su Avengers, ƙofa daga bayan tsakiyar 2019 har Fabrairun 2023, Lebanon kuma ta hana Wonder Woman saboda jarumar ta yi aikin soja a Isra'ila.

Wasu ƙasashe ma suna da irin wannan?

Suna da shi, kuma Indiya ce misalin da mai kallo Bahaushe zai fi saurin ganewa. A Mr. India na 1987 Anil Kapoor talaka ne mai riƙon marayu da ya sami na'urar ɓacewa, kuma cikin waɗanda ya hukunta har da masu cuɗa tsakuwa a hatsi da masu kasuwar bayan fage. Zuwa 2006, bayan shekara 15 da buɗe tattalin arzikin ƙasar, Krrish yana tsalle ne a kan dogayen benayen Singafo, bos ɗinsa kuma mai kamfanin kwamfuta.

Gaskiya ne mutane sun gaji da su?

Alƙaluma sun nuna an rage zumuɗi. Captain Marvel ya haura dala biliyan 1 a 2019, ci gabansa The Marvels kuwa a 2023 da ƙyar ya wuce miliyan 200. Tun a 2015 Steven Spielberg ya ce wata rana za su bi sawun finafinan kaboyi, waɗanda iyayenmu suka yi ta kallo a sinima kafin su shuɗe. Wani ɓangare na gajiyar laifin kamfanoni ne, da suka yi ta zubo finafinai da masu dogon zango har sai mutum ya kalli goma kafin ya gane na sha ɗaya. Wani ɓangaren kuma ƙasar ce ta rabu gida biyu har ba ta da maƙiyi ɗaya da kowa ya yarda da shi. Joker na 2019, wanda babu sadauki a cikinsa sam, sai marar lafiyar da gwamnati ta yanke wa magani, ya haura dala biliyan 1.

A 2021 kamfanin DC ya cire "tafarkin Amurka" daga kirarin Superman ya sa "gobe mai kyau". Da James Gunn ya zo fitar da sabon Superman a Yulin 2025, sai ya ce labarin ɗan ci-rani ne, a daidai lokacin da gwamnatin Donald Trump take kamen baƙin haure, kuma masu ra'ayin riƙau suka yi masa ca tun fim ɗin bai fito ba. A cikinsa Superman ya hana wata ƙasa ƙawar Amurka mamaye maƙwabciyarta marar ƙarfi, wanda ya sa masu kallo da yawa suka ambaci Gaza, Gunn kuwa ya ce ya rubuta labarin kafin yaƙin. Bos ɗin attajirin fasaha ne mai rundunar birai da ke zagin jarumin a intanet dare da rana, gwamnati kuma ita ta miƙa masa Superman ya tsare. Ana tsakiyar faɗa da wani ƙaton dodo a cikin birni, jarumin ya tsaya ya ɗauke wani kurege daga hanya.